Kaji na mutuwa a Damagaram: wane awo ya kamata ka nema?

Da zarar hunturu ya kama, daga Mirya zuwa Matamaye har Magarya labari ɗaya ake ji, kaji na zubewa. Da safe ka buɗe akurki ka tarar da biyar a ƙasa, kafin la'asar goma sun bi su. Wanda ya daɗe cikin kiwo zai ce maka ai cutar nan ce ta kowace shekara, wato Nukasil, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Sai dai ido ba ya iya raba Nukasil mai zafi da murar tsuntsaye. Kowace cikinsu tana sa kaza ta yi sukuku, ta ƙi ci, ta yi zawo kore, kai ya kumbura, numfashi ya gagara, wuya ya murɗe, ƙwai ya yanke. Ko likitan dabbobin da ya tsufa yana feɗe gawar kaji, iyakarsa ya ce yana zato. Tabbaci sai a ɗakin awo.

Mu mutanen jihar Damagaram ba baƙi ba ne ga wannan magana. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma wata bai ƙare ba sai ga ta a Magarya, cikin agwagin gida. Samfurin sai da ya je ɗakin awo na Padoba a ƙasar Italiya kafin a ce i, ita ce. Banbancin sunan nan ba ƙarami ba ne. In Nukasil ce, maganar rigakafi ake yi da killace garke. In murar tsuntsaye ce, magana ta koma ta hukuma: hana zirga-zirgar kaji, karkashe waɗanda suka kamu, da tsare lafiyar mutane, domin tana iya kama ɗan Adam, ta kuma taɓa kisa a Legas a farkon 2007.

Abin da nake so mai kaji ya riƙe kafin ya zuba kuɗinsa shi ne awon ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne tambayar da yake amsawa daban. Akwai masu neman ƙwayar bairos ɗin kanta a jikin kaza: awon gaggawa, da PCR, da renon ƙwayar cikin ƙwai. Akwai kuma masu duba jini don ganin ko jikin kaza ya haɗa sinadaran garkuwa, wato HI da ELISA. Na farkon suna faɗa maka abin da ke kisa yau. Na biyun suna faɗa maka abin da kaza ta gamu da shi makonnin baya, ko cuta ko allura. Mafi yawan asarar kuɗin da nake gani daga rikita waɗannan biyun take fitowa.

Awon gaggawa shi ne mafi kusa da hannu. Ɗan faranti ne na roba irin wanda ake awon zazzaɓin cizon sauro da shi a asibitin unguwa. A shafo maƙogwaron kaza ko duburarta da tsinken awo mai laushin kai, a kaɗa cikin ruwan da ya zo tare da shi, a ɗiga, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Ba ya son wuta, ba ya son na'ura, ana iya yin sa a gindin bishiya a ƙauyen Dungas. Akwai na murar tsuntsaye, akwai na Nukasil, akwai na Gumboro, wata cutar 'yan tsaki.

Rauninsa shi ne sai ƙwayar ta yi yawa sosai yake ganin ta. A kazar da ke gargara ko wadda ta mutu yanzu, yakan kama. A kazar da ta kamu jiya tana nan tana tsince, ko agwagwar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna komai ba, yana iya cewa babu alhali akwai. Don haka layi biyu ƙararrawa ce, a rufe gida a kira ma'aikatar kiwo nan take. Layi ɗaya kuwa ba ya wanke garke. Na sha jin mutum ya ce an auna an ce lafiya lau, ya ɗauki sauran kajin ya nufi kasuwar Dole ranar Alhamis, kuma ta haka cuta ke shiga gidaje da dama a wuni guda. Sannan yawancin na murar tsuntsaye iyakarsa ya ce mura ce nau'in A, ba ya faɗin mai kisa ce ko mai sauƙi. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne ajiya. Kamfanonin da ke yin sa sukan rubuta a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30. Kwalin da ya yi watan Afrilu da Mayu a shagon kwano a Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40, bai cancanci a dogara da shi ba ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

PCR kuwa tun zamanin korona kowa ya ji sunansa. Shi ba ya jiran ƙwayar ta yi yawa. Ana ciro sinadarin gadon ƙwayar daga samfurin, a sa shi cikin na'urar da ke zafafawa tana hucewa, kowane zagaye yana ninka abin da ake nema sau biyu. Zagaye 30 kawai ya isa ƙwara ɗaya ta haura biliyan. Na'urar tana kallon hasken da ke ƙaruwa cikin kwalbar, ta rubuta zagayen da hasken ya bayyana. Wannan lambar ita ce za ka gani a takardar sakamako an rubuta Ct kusa da ita. In ƙarama ce, kamar 18 ko 20, ƙwayar ta yi yawa a samfurin. In ta kusa 40, ɗan kaɗan ne, kuma yana da kyau a sake. Idan samfuri ya isa da safe kuma kayan aiki na nan, amsa tana iya fita a ranar.

Kyawun PCR shi ne yana tafiya mataki-mataki. A fara tambaya ko murar nau'in A ce, in ta tabbata a nemi rassanta H5 ko H7, domin daga cikin waɗannan biyun masu mummunan kisa ke fitowa. A gefe guda a nemi Nukasil daga samfuri ɗaya. Ana kuma iya haɗa tsinke biyar na kaji biyar daga akurki ɗaya cikin kwalba guda, kuɗi ya ragu ba tare da an rasa abin da ake nema ba, matuƙar ba a gauraya na maƙogwaro da na dubura ba, ko na kaji da na agwagi.

Amma shi ma yana da inda yake tuntuɓe, kuma mai kaji ya kamata ya sani. PCR ba ya banbance ƙwaya mai rai da matacciya. Ba ya kuma banbance ƙwayar rigakafi da ta cuta sai an yi masa tambayar musamman. In ka ba kajinka La Sota a ruwan sha, ko ka ɗiga musu I-2 a ido makon jiya, wato rigakafin Nukasil masu ƙwaya mai rai, awon Nukasil na farko zai iya cewa akwai, alhali rigakafinka ya gani, mai kisan kuma wani abu ne daban. Allurar da aka yi da matacciyar ƙwaya, irin wadda aka fi yi wa kajin ƙauye a tsoka, ba ta kawo wannan ruɗani. Shi ya sa rubuta ranar rigakafi da sunansa a takardar da ke raka samfuri wajibi ne. Ƙarfin ganinsa ma yakan zame masa illa, ɗigon ƙazanta daga wani samfuri ya isa ya ɓata sakamako. Ga tsada, ga sinadarai masu son sanyi dare da rana, ga wutar da ba a so ta ɗauke a tsakiyar aiki.

Nan ne maganar hanya ta shigo, kuma a wurina ta fi maganar na'ura nauyi. Babban ɗakin awon dabbobi na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai, yana da reshe a nan Damagaram. Abin da ya fi ƙarfin reshe sai ya hau mota, tafiyar kusan kilomita 900. Ƙwayar murar tsuntsaye da ta Nukasil ba sa jure zafi, sinadarin gadonsu yana lalacewa da wuri, balle a cikin gawar da ta fara ruɓa.

Abin da aka saba gani ke nan. Baiwar Allah ta sauko daga kabu-kabu da buhu a hannu, ta kwance bakinsa, wari ya bugi kowa.

"Hajiya, yaushe suka mutu?"

"Shekaranjiya da dare, Malam. Jiya ban samu mai kawo ni ba."

Ta yi ƙoƙari, ta biya kuɗin hanya, amma abin da ke cikin buhun nan babu na'urar da za ta ba da amsar kirki daga gare shi. Kuma buhun ya ratsa gari yana ɗiga. Da waya ta buga wa ma'aikacin kiwo ya je gidan, da ya fi mata, ya fi maƙwabta. Samfuri mai kyau daga kazar da ba ta da lafiya amma tana da rai ake ɗaukarsa, ko wadda ta mutu cikin 'yan sa'o'i. Mutum ɗaya ya riƙe ta, ɗayan ya buɗe bakin, ya ja harshe kaɗan har ƙofar maƙogwaro ta bayyana tana buɗewa tana rufewa, ya zura tsinken a hankali ya juya. Wani tsinken a dubura, a tabbata ya ɗan ɗauko kashi. Tsinken ya zama mai kan zaren roba da sandar roba, domin na itace da auduga yana iya dagula PCR. A karya kansa cikin ruwan ajiya, a rufe, a rubuta, a sa cikin kula mai ƙanƙara. A sanyin firji, wato digiri 4, yana iya kwana uku zuwa huɗu. Jefa shi a firiza ta gida ba dabara ba ce, musamman inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, domin daskarewa da narkewa suna kashe ƙwayar.

Ga wanda ke Tanut ko Gure, inda ƙanƙara ba za ta kai ba, akwai katin FTA. Takarda ce mai sinadari, a goga tsinken a kanta ko a danna yankan tsoka, a bari ta bushe a inuwa. Tana kashe ƙwayar, tana adana sinadarin gadonta ba tare da sanyi ba, har a sa ta cikin ambulan. Ƙarfin gani yana ɗan raguwa idan aka gwada da ɗanyen samfuri, kuma ba a iya renon ƙwaya daga gare ta tunda ta mutu. Duk da haka, tsakanin katin da ya isa lafiya da kwalbar da ta dahu a bayan mota, ni kati zan zaɓa kullum.

Renon ƙwaya cikin ƙwai shi ne tsohon ma'auni da ake gwada sauran da shi. Ana samun ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11 daga kajin da aka tabbatar ba su da cuta, a haska shi a cikin duhu a ga jijiyoyin jini da ɗan tayin yana motsi, a huda ɓawon da ƙaramar allura a zuba samfurin, a liƙe, a mayar cikin ɗumi na digiri 37. Kullum ana haskawa. In ƙwayar mai zafi ce, cikin kwana ɗaya ko biyu jijiyoyin sun dushe, tayin ya daina motsi. Sai a zuƙo ruwan ƙwan a haɗa da jinin kaza a gani ko zai dunƙule shi. In ba a ga komai ba har mako, a sake zubawa cikin sabon ƙwai, don haka kafin a ce babu ana iya cin mako biyu. Mai kajin da ke mutuwa ba shi da mako biyu. Aiki ne na manyan ɗakunan awo masu tsananin tsaro, irin na Padoba ko na Vom a jihar Filato, kuma amfaninsa na ƙasa ne baki ɗaya. Da shi ake samun ƙwayar a hannu, a auna tsananin kisanta, a gani ko rigakafin da ke kasuwa yana tare ta. Haka ma karanta jerin sinadarin gado, wanda ke nuna ko ƙwayar mai kisa ce da kuma dangin da ta fito. Da irin wannan karatun aka gane cewa Nukasil ɗin da ke yawo a Afirka ta Yamma tana da nata zuriyoyin, waɗanda masana suka sa wa lamba XIV da XVII da XVIII. Ba kai za ka nemi wannan awon ba, amma samfurinka mai kyau shi ke kai wa gare shi.

Sai awon jini, inda aka fi yin kuskure. Jikin kaza yana ɗaukar kusan mako ɗaya zuwa kwana goma kafin sinadaran garkuwa su bayyana a jini. Murar tsuntsaye mai zafi tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ke nan kazar ta mutu tun jininta bai san abin da ake ciki ba. Wanda kajinsa ke zubewa ya je ya biya awon jini, ya sayi amsar tambayar da bai yi ba. In ma an ga garkuwar Nukasil, ta yiwu ta allura ce, ta yiwu ta cutar bara ce. Kafin jini ya zama shaidar sabuwar cuta sai an ɗiba sau biyu, da tazarar mako biyu zuwa uku, a ga ya ninka sau huɗu ko fiye.

Inda awon jini ba shi da na biyu shi ne tambayar da kowane mai gonar kaji a Damagaram ya kamata ya yi wa kansa: rigakafin da na yi ya kama kuwa? Kwalbar rigakafi tana yin doguwar tafiya kafin ta iso mu, wani lokaci ta kwana a firjin da ba wuta, a kaɗa ta cikin ruwan famfo mai sinadarin kulorin ko ruwan da ya sha rana a jarka. Mutum ya rubuta a littafi cewa ya yi rigakafi, alhali ruwa kawai kaji suka sha. Mako uku bayan rigakafi, a ɗebi jinin kaji 20 zuwa 30 daga jijiyar fiffike, a kwantar da sirinjin a karkace cikin inuwa har ruwan jinin mai ɗorawa-ɗorawa ya rabu. Shi ake kaiwa. In ya yi ja, zafi ko girgiza sun fasa jinin.

Tsakanin HI da ELISA, ga Nukasil ni HI nake ba shawara. Aiki ne mai araha, ba ya bukatar wata babbar na'ura. Faranti ne mai ramuka 96. A zuba ruwan jini a ramin farko, a riƙa tsinka shi rabi-rabi har ƙarshen layi, a ƙara ƙwayar awo, sannan jajayen ƙwayoyin jinin kaza. Inda garkuwa ta yi aiki, jinin yana taruwa a gindin rami ya zama ɗan jan ɗigo, in ka karkata farantin sai ya zubo siriri. Inda ta ƙare, jinin ya baje ya yi shimfiɗa. Sai a ƙirga ramuka. Ƙa'idar hukumar lafiyar dabbobi ta duniya tana ɗaukar ruwan jinin da ya yi aiki har a tsinkin 1 cikin 16, wato rami na huɗu, a matsayin akwai garkuwa. Ƙa'idar ta kuma ce a jira minti 40 a ɗaki mai digiri 20, in wurin na da zafi a sa a firji awa ɗaya, kuma a garinmu kusan kullum ta biyun ce. Kada ka tsaya ga matsakaicin lamba kawai. In rabin kajin suna rami na bakwai, rabi suna na biyu, masu ƙarfi ne suka shanye ruwan rigakafin, kuma ta wajen raunanan cuta za ta shiga.

ELISA ya fi tsada, yana son na'urar karanta launi, kuma kwalinsa ba ya biyan kansa sai samfuri ya yi yawa. Amma ga Gumboro shi ne zaɓi, domin HI ba ya aiki a kanta. Cutar ta samo sunanta daga wani gari a jihar Delaware ta Amurka inda aka fara bayyana ta a 1962, tana kuma kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Ɗan tsako yana zuwa da garkuwar da ya gada daga uwa. In ka yi rigakafi da wuri, garkuwar uwa ta kashe shi. In ka makara, cuta ta riga ka. Awon ELISA a kwanakin farko yana nuna yawan abin da suka gada, daga nan a lissafa ranar da ta dace. Mai tsaki 50 ba ya bukatar wannan. Mai dubu biyu da ke sayo tsaki daga nesa, bai san yadda aka yi wa iyayensu ba, kuɗin awon bai kai asarar dare ɗaya ba.

Masu zabi da agwagi su lura, da yawa cikin kwalayen ELISA don jinin kaza aka yi su, ba sa karanta na sauran tsuntsaye daidai sai irin da aka yi don kowane jinsi. A HI ma ruwan jinin da ba na kaza ba yakan bukaci a gyara shi kafin awo. Don haka a faɗi jinsin tsuntsun tun farko. Ƙasarmu ƙasar zabi ce, bai kamata a riƙa mantawa da su ba.

Feɗe gawa yana nan da amfaninsa a hannun wanda ya iya. A Gumboro, 'yar jakar da ke saman dubura tana kumbura, wani lokaci da jini, ga ɗigon jini a tsokar cinya da ƙirji, kuma wannan tare da shekarun tsakin yakan isa a yanke shawara. A Nukasil ana ganin ɗigon jini a tumbin da ke gaban ƙundu. Sai dai murar tsuntsaye ma tana yin haka. In kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi jini a ƙarƙashin fata, kada kowa ya sa wuƙa a tsakar gida, kada a fige, kada a ba yara su jefar a bola.

To, in mutuwa ce ta ba-zata, ka rufe ƙofa, ka hana shiga da fita, ka kira ma'aikatar kiwo a ranar. A yi awon gaggawa in akwai, amma ko me ya nuna, tsinken maƙogwaro da na dubura su tafi PCR, a nemi murar tsuntsaye da Nukasil tare. In PCR ya ce babu duka biyun, a juya ga kwalarar kaji, ko guba a abinci, ko bugun zafi, domin su ma suna zubar da garke. In ƙwai ne ya ragu, ko tari ya daɗe ba mutuwa sosai, PCR a kwanakin farko, jini sau biyu in abin ya riga ya daɗe. In kaji lafiya lau suke kana son sanin matsayinka kafin hunturu, HI ya ishe ka, kuma Oktoba ya fi Disamba, domin in garkuwar ta yi ƙasa akwai sauran lokacin sake rigakafi.

Na san abin da ke hana mutane kira: tsoron a zo a karkashe musu kaji. Tsoro ne mai dalili, musamman ga matar da kaji goma ne jarinta na sallah da kuɗin magani. Amma garken da murar tsuntsaye mai zafi ta shiga kusan duka yake tafiya ko an kira ko ba a kira ba, kuma a mafi yawan lokuta abin da awo ke fitowa da shi Nukasil ce, wadda ke da rigakafi mai araha. Masu ƙananan garke a unguwa ɗaya suna iya haɗa kai, a ɗauki samfuri daga gidajen da cutar ta fara, a raba kuɗin kula da ƙanƙara da mota. A takardar da za ta raka shi a rubuta jinsin tsuntsu, shekarunsa, yawan garken, nawa suka mutu kuma daga yaushe, rigakafin ƙarshe da ranarsa, da ko an shigo da sabuwar kaza daga kasuwa cikin mako biyun da suka wuce.